Ƙofa ta uku a hannun hagu: zuwana shida asibitin cututtukan saduwa

Takardar da ta kai ni wannan asibiti ba ni aka rubuta wa ita ba. Matata ce ta dawo daga awo, cikinta wata huɗu, ta ajiye mini ita a kan gado ba ta ce uffan ba. An soki yatsarta, an ɗiga jini a kan ɗan robar gwajin nan mai duba cuta biyu a lokaci guda, ƙanjamau da tunjere. Layin ƙanjamau bai fito ba. Na tunjere ya fito. A ƙasan takardar an rubuta da jan biro cewa ta zo da mijinta, aka ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ni mai gyaran firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki, shekarata 36, ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Da a ranar aka ce in rantse lafiyata ƙalau, da na rantse ba tare da gabana ya faɗi ba. Babu ƙurji, babu ƙaiƙayi, babu zafin fitsari. Daga ranar zuwa yau na taka sashen cututtukan saduwa na asibitin gwamnati sau shida, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa, daɗinsa da ɗacinsa. Ba zan kama sunan asibitin ba. Duk babban birni yana da irinsa, kuma ina jin yawancinsu halinsu ɗaya.

Bari in fara da abin da ya fi ɓata mini rai, wato ƙofar shiga. Wanda ya tsara wurin bai taɓa jin kunya ba a rayuwarsa. Sashen yana cikin dogon baranda guda da wurin karɓar magani, don haka kafin ka kai ƙofa ta uku a hannun hagu sai ka ratsa ta gaban layin mutane masu jiran magani, kowa ba shi da aikin yi sai kallon wanda ya wuce. A saman ƙofar kuma an kafa allo da manyan haruffa, wanda ko mai hakiya zai karanta daga bakin get. Ka tsallake wannan, sai tagar yankan kati: gilashi mai kauri da ɗan rami a ƙasa, ma'aikacin yana can ciki fanka tana kaɗa masa, ba ya jin ka sai ka ɗaga murya. Ya ce, "Me ya kawo ka?" Na tura masa takardar ta ramin. Ya karanta, ya ɗago ya dubi matata, ya dube ni, ya faɗi sunan cutar a fili yana rubutawa, kamar mai karanta jerin kayan gyara. Ba mugunta ce ta sa shi ba, sabo ne. Amma a gabana wani saurayi da ke bayanmu ya juya ya fita, ban sake ganinsa ba ranar.

Mun isa ƙarfe bakwai da rabi, muka sami lamba 23. Ba a kira mu ba sai bayan sha ɗaya. A wannan zaman ne tunanina na farko ya rushe. Na zo da hoton irin mutanen da zan tarar, 'yan bariki da masu yawon dare. Abin da na tarar: wani dattijo mai furfura har a gira, yana riƙe da katinsa da hannu biyu, mace da jariri a cinya, 'yan mata biyu da jakar makaranta suna raɗa, wani mutum da kwat da jakar kwamfuta, yana ta duba agogo, da ma'aurata irinmu, suna zaune gefe da gefe ba sa kallon juna. Kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ban taɓa zama a ɗaki mai mutum talatin da ya yi tsit haka ba.

Daga nan kuwa sai abin ya juya. Nas ɗin da ta karɓe ni, wadda kowa ke kira Sista, ta kusa ritaya, tabarau a ƙarshen hanci. Ta fara ganin matata ita kaɗai, sannan ni kaɗai, kuma wannan tsari na raba mu na yaba da shi daga baya, ko da yake a lokacin ya sa ni zargi. Ta rufe ƙofa ta ce, "Malam, zauna. Ni ba alƙali ba ce, kuma abin da ka faɗa a nan ko matarka ba za ta ji shi daga bakina ba." Sai ta shiga jero tambayoyi, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Mutum nawa cikin wata uku? Cikin shekara? Da kwaroron roba ko babu? Mata ne, ko maza, ko duka? Ta wace hanya? Da ta kai nan sai na ji jinina ya hau. Na ce, "Haba Sista, wane irin mutum kika ɗauke ni?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kowa take yi wa wannan tambaya, har dattijon da ya fita kafin ni, domin ƙwayar cuta tana zama ne a inda ta shiga. Wadda ta sauka a maƙogwaro ko a dubura, fitsari ba zai nuna ta ba, kuma a waɗannan wurare galibi ba ta ciwo. In ba ta tambaya ba, za ta duba inda babu komai, ta sallami mutum da cutarsa. Na yi shiru. Magana ce ta mai sana'a, irin wadda ni ma nake yi wa mai firijin da ya ce kada in taɓa bayan injin.

Aka ɗebi jinina kwalba biyu, aka miƙo mini ɗan gwangwanin roba na fitsari. Nan ma wani takaicin. Gwajin ciwon sanyi, wato gonoriya, da na wata cutar saduwar da ake kira kilamidiya yana son farkon fitsarin da ya fito, kuma mutum ya yi aƙalla awa ɗaya bai zaga ba. Ni kuwa minti goma kafin a kira ni na shiga ban ɗaki, don ba wanda ya gaya mini. Sai da na koma benci na ƙara awa guda. Takarda ɗaya da za a manna a ƙofar ban ɗakin ta isa ta kashe wannan matsala. Na faɗa musu. A zuwana na shida ba a manna ba.

Likitan da ya gan mu bayan sakamako ya fito yaro ne, na girme shi, amma ya iya zama da mutum. Ya ce nawa jinin ma ya nuna tunjere, sauran gwaje-gwajen, ƙanjamau da ciwon hanta da na fitsari, duk lafiya. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wani gyambo a gabana wanda ba ya zafi. Sai abin ya faɗo mini a rai kamar an ɗaga labule. 'Yan watanni kafin aurenmu, shekara uku ke nan da wani abu, wani ɗan miki ya fito mini, zagayayye, bakinsa da tauri, ko kaɗan ba ya ciwo. Na je kantin magani na kwatanta, aka ba ni wasu kafso na kwana uku da man shafawa. Bayan kamar wata guda ya warke, na ce maganin nan da kyau. Likita ya girgiza kai. Ya ce mikin tunjere yakan fito ne kamar mako uku bayan an ɗauka, kuma ko ba a sa masa komai ba yana bushewa da kansa cikin mako uku zuwa shida. Bayansa wasu sukan ga ƙuraje a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, waɗanda galibi ba sa ƙaiƙayi, su ma su tafi da kansu. Daga nan cutar ta kwanta, shekara da shekaru, ba amo ba labari, har sai ta ɓullo wa wani a zuciya ko jijiyoyi ko ido, ko ta bi ta mahaifa ta kama ɗan da ke ciki. A sana'ata mun san wannan hali. Yoyon gas ba ya ƙara, firiji yana ta aiki kamar ba komai, sai ranar da injin ya ƙone.

Cikin matata na farko ya zube a wata na shida. A lokacin ba wanda ya ɗebi jininta don wannan cuta. A gaban likita ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko wannan ne sanadi. Ya ce tunjere tana haddasa irin haka, amma ba zai ce ita ce ba tunda ba a gwada ba a lokacin. Ta sake tambaya, wa ya sa wa wani? Ya ce gwajin jini ba ya nuna wanda ya fara. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, kuma bai ci amanar abin da na gaya masa ni kaɗai ba. Ni ne na gaya mata da bakina a daren, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya biyo baya tsakaninmu ba na wannan rubutu ba ne. Sai dai in ce da likitan ya yi subul da baka ko da kalma ɗaya a wannan ɗaki, da zancen ya fi haka muni.

Maganin tunjere tsoho ne, fenisilin, irin mai daɗewa a jiki da ake kira benzatin. Tun shekarun 1940 ake kashe cutar da fenisilin, kuma har yau ƙwayar ba ta koyi bijire masa ba. Wanda bai kai shekara da ɗauka ba, allura ɗaya ta ishe shi. Irinmu da abin ya daɗe, ko ba a san tsawonsa ba, allura uku ne, mako-mako. Matata aka fara yi wa a ranar farko. Ruwan allurar fari ne mai kauri, ana tura shi a hankali cikin tsokar ɗuwawu, kuma Sista takan raba shi gefe biyu. Ban taɓa sanin matata na da ƙarfin hannu haka ba sai da ta damƙe yatsuna. Sista ta yi mata kashedi cewa cikin kwana ɗaya zazzaɓi da ciwon kai na iya tasowa saboda ƙwayoyin da ke mutuwa, kuma in ta ji mara na ɗaurewa ko motsin ɗan ya ragu ta taho nan take, ko da tsakar dare ne. Ta kuma ja mata kunne kan ranakun: mai ciki in ta bar tazara ta yi yawa tsakanin allurai, daga farko za a sake. Ta rubuta ranakun a bayan katin da hannunta, ta sa matata ta maimaita.

Ni ban sami allurar ba. Likita ya ce abin da ya rage a ma'ajiyarsu kaɗan ne, sun ware shi don masu ciki, domin su ba su da wani maganin da aka tabbatar yana tsare jariri in ba shi ba. Da farko na ji haushi. Daga baya na fahimci ƙarancin benzatin ba na asibiti ɗaya ba ne, ƙasashe da dama sun sha fama da shi, har Amurka a 2023, inda su ma aka ce a fifita masu ciki. Aka ba ni doksisaikilin, miligiram 100 safe da yamma, kwana 28. Ƙwaya 56. Ba a kwanciya da an haɗiye shi, ana kora shi da ruwa mai yawa, kuma yana sa fata ta ƙi jinin rana. Ni da nake wuni a kan rufin mutane ina ɗaura injin sanyaya ɗaki, bayan wuyana ya gaya mini. Na cinye kwanakin, amma na san mutane da yawa da za su tsaya a kwana na goma su ce ai sun warke, tunda dama ba abin da ke musu ciwo. Shi ya sa nake ganin rashin allurar babban giɓi ne, duk da na yarda da wanda suka zaɓa su ba.

A zuwanmu na uku layi ya yi sauƙi, na sami zarafin hira da Sista. Na tambaye ta ko irinmu suna da yawa. Ta dafa wani tulin tsofaffin rajistoci a kan kabad ta ce da can takan daɗe ba ta rubuta tunjere ba, har ɗalibai masu koyon aiki sukan gama zamansu ba su ga ko mutum ɗaya ba. Yanzu kuwa ta zama abin yau da kullum, kuma abin da ya fi damun ta shi ne yadda mata ke ƙaruwa a ciki, da yawansu daga awo ake turo su. Na koma gida na bi diddigin maganarta, na tarar ba a ɗakinta kaɗai ake ganin haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 7.1 ne suka kamu da tunjere a 2020, a 2022 suka kai miliyan 8, da jarirai kusan 700,000 da suka ɗauka daga ciki. Amurka ta taɓa ganin kamar ta gama da cutar, har ta fitar da shirin kawar da ita a 1999. A 2022 ta ƙirga mutum sama da 207,000, adadin da rabon ta da shi tun 1950, da jarirai sama da 3,700, wato ninki goma na abin da aka gani shekara goma kafin nan. Hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta ce kusan tara cikin goma na waɗannan jarirai da an tsare su in da an gwada uwayen an yi musu magani a kan kari. Na daɗe ina kallon wannan jimla. A Ingila ma, tunjeren da aka gani a 2022 ba a ga kamarsa ba tun 1948, ciwon sanyi kuma ya haura mutum 82,000, mafi yawa tun da suka fara ajiye lissafi a 1918.

Zancen ciwon sanyi kuwa a kan benci na fara jin sa. Wani saurayi, bai wuce shekara 22 ba, ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, don Allah nan suna yin allura?" Ya ce mako uku ke nan yana ɗigar mugunya, fitsari kamar an zuba masa wuta. Ya sha sipro, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, har zagaye biyu, ya sha wasu jajayen kafso, abin ya ɗan lafa ya dawo. Na ce masa ya gaya wa Sista sunan duk abin da ya sha, kada ya rage. Da na shiga wurin likita na tambaye shi dalilin da sipro ya daina ci. Ya ce ƙwayar gonoriya ba ta da na biyu wajen koyon dabara. Ta gama da magungunan salfa, ta gama da fenisilin, ta gama da tetirasaikilin, ta gama da sipro, wanda Amurka ta cire daga jerin maganinta tun 2007. Abin da ya rage a hannu a yawancin wurare allura ɗaya ce, seftiriyazon, kuma ita ma an fara ganin masu taurin kai: a Japan a 2009, sai wani mutum a Ingila a 2018 da allurar da ƙwayar da ake haɗa ta da ita duk suka kasa. Duk wanda ya sha rabin magani, ko maganin da ba nasa ba, horo yake ba ƙwayar. Na tuna kafsona na kwana uku, na sunkuyar da kai.

A nan zan ɗan ratse. Kalmar nan "sanyi" ta yi mana ɓarna. Komai ya fito daga gaba, sanyi ne. Alhali a ƙarƙashinta akwai gonoriya, akwai kilamidiya, akwai tirikomonas, kowace da maganinta dabam, akwai kuma ƙaiƙayin mata na fangas da rikicewar ƙwayoyin gaba, waɗanda ba a lissafa su cikin cututtukan saduwa. Kilamidiya, wadda hukumar ta duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 129 sun ɗauka a 2020, yawancin masu ita ba sa jin komai, sai dai ta haura ta toshe wa mace hanyar ƙwai a gano bayan shekaru ana neman haihuwa. Gonoriya miliyan 82 ce a wannan shekarar, tirikomonas miliyan 156. Su kuma masu cewa a masai suka ɗauko, Sista tana da amsa guda da take ba kowa: masai bai taɓa sa wa kowa tunjere ko gonoriya ba. Babban amfanin asibitin nan a wurina shi ne yana raba wannan kalma gida-gida kafin ya ba da magani. Ba ko'ina ake samun haka ba. Inda babu kayan gwaji, alamu kawai ake dubawa a haɗa magunguna, kuma wannan hanya ba ta ganin mutum irina ko kaɗan, tunda ba ni da alamar da za a duba.

Ba duka labarin ne baƙi ba. Sista ta ce ƙurajen nan masu tsiro a gaba, waɗanda ƙwayar HPV ke kawowa, suna raguwa a wurin 'yan matan da suka sami rigakafi tun suna ƙanana. Inda aka fi ganin wannan a fili shi ne Ostireliya, wadda ta fara yi wa 'yan mata allurar a 2007: cikin shekara huɗu, a asibitocinsu na cututtukan saduwa, masu zuwa da wannan tsiro cikin 'yan matan da ba su kai shekara 21 ba sun ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. Allurar ce kuma ke tsare kansar bakin mahaifa. A Amurka ma gonoriya ta ɗan sauka a 2022 da 2023.

Sai dai ni ina karanta waɗannan lambobi da ɗan taka-tsantsan, saboda saurayin nan da ya juya daga tagar kati. Rajistar asibiti tana ƙirga wanda ya shigo ne kawai. In an ƙara gwaji lamba ta hau, in an rufe ƙofa ta sauka, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin korona, da mutane suka daina zuwa, wasu ma'aikatan kuma aka ja su wani aikin. Ni kaina shekara uku ina yawo da cutar ba na cikin lissafin kowa, kuma da ba don awon matata ba da har yanzu ba na ciki. Don haka in an ce cuta ta ƙaru a asibitocin birni, wani ɓangare ƙaruwa ce ta gaske, jariran da ake haifa da ita sun isa shaida, wani ɓangare kuma tsohon kaya ne aka buɗe. Allon ƙofa da tagar gilashi su ma suna da hannu a lissafin, ta hanyar waɗanda suke kora.

Sauran ƙorafina gajere ne. An ba mu lambar waya ta jin sakamako, na kira ta kwana biyu ba a ɗauka ba, sai da na rufe aiki na zo da ƙafata. Suna rufe karɓar kati da rana tsaka, ba sa buɗewa ƙarshen mako, wanda ke nufin duk mai aikin yini sai ya yi asarar ranarsa kuma ya ƙirƙiro wa maigidansa dalili. Abin yabo kuma: suna ba da wata 'yar takarda marar suna da mutum zai kai wa wanda ya sadu da shi, mai ɗauke da lamba kawai, in ya kawo ta a san abin da za a duba ba tare da an tambaye shi wa ya aiko shi ba. Kwaroron roba yana cikin kwali a bayan ƙofar ɗakin Sista, inda mutum zai ɗiba ba a idon jama'a ba. Wanda ya yi tunanin ajiye shi a nan, da ma shi aka ba tsara baranda.

Wanda zai je, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini. Ka je da sassafe, ka riƙe fitsarinka, ka tafi da kwalin duk maganin da ka sha. In jiya abin ya faru, gwaji ba zai nuna komai ba tukuna: gonoriya da kilamidiya sukan so kamar mako biyu, ƙanjamau a gwajin ɗakin bincike kamar kwana 45, tunjere har wata uku. Amma in ƙanjamau kake tsoro kada ka jira ko kwana ɗaya, akwai maganin kariya na kwana 28 da dole a fara shi cikin awa 72. In an yi maka maganin gonoriya ko kilamidiya, kwana bakwai ba saduwa, abokin zama ma a yi masa, bayan wata uku a sake gwaji, don sake ɗauka daga wanda ba a yi wa magani ba shi ne abin da ya fi dawo da mutane kan bencin. In da maki ake bayarwa, Sista da likita sun ci tara cikin goma a wurina, tagar kati da allon ƙofa biyu, kuma duk da haka nan zan tura ƙanena in ya zo mini da irin wannan magana, ba kantin magani ba.

Bibiyar tunjere aba ce mai tsawo, kuma sun yi ta yadda ya kamata. Akwai gwajin da zai ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwar yawancin masu ita, ko an warke, shi ya sa likita ya ce in adana takarduna kada wani wuri su sake ɗora ni kan magani a banza. Wanda ake bi shi ne RPR. Ana surka ruwan jinin ana ninkawa, biyu, huɗu, takwas, har a kai inda alamar ta ɓace, sai a rubuta lamba ta ƙarshe da ta nuna. Tawa ta fara da 1:16. A wata shida ta koma 1:8, na tsorata na ce ba ta tafi ba, likita ya ce tsohuwar cuta a hankali take sauka, abin da ake nema shi ne ta ragu ninki huɗu. A wata goma sha biyu ta zama 1:4.

'Yarmu ta zo a kan lokacinta. An ɗebi jininta da na uwarta an gwada, likitan yara ya juya ta ya duba tafin hannu da na ƙafa, ya latsa cikinta, ya ce ba abin da ya gani, amma a riƙa kawo ta ana sake dubawa har alamar da ta gada daga jinin uwa ta ɓace. A zuwa na shida da ita muka je. Sista ta cire tabarau ta karɓe ta, ta ce, "Malam, wannan ai goshinka ne." Ta rubuta mini ranar gwajin wata ashirin da huɗu a bayan katin, a ƙarƙashin ranakun allurar matata, ta ce ita lokacin ta yi ritaya, in nuna wa duk wadda na tarar.